Wuridin Marwa

Talata Mafara,
ƙarshen damina.

Addata Hadizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, ke da Yaya Murtala da yara, da abokan aikinki na ɗakin haihuwa. Ina gajiya? Yaya zaman Maradun da wanga hali da ake ciki? Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Mu nan lafiya lau muke. Maigida Falalu kullum yana fadama wajen shinkafa, yara Amira da Fa'iz suna gaishe ki. Na leƙa Bakura ranar Juma'a, ƙafar Inna ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Tun da aka datse layin waya na rasa wanda zan juye wa surutuna, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Lauwali direba ya ce zai riƙa miƙa miki duk ranar da hanya ta yi kyau.

Adda, abin da nake jira ya zo. Koci Kyauta, wadda ke horar da mu ɗaga ƙarfe a tsohon siton shinkafar nan, ta tara mu ta ce idan sanyi ya shigo za a zo daga Gusau a zaɓi matan da za su wakilci jiha a gasa. A ajin nauyina mace ɗaya tak za a ɗauka. Kin san shekarar nan kaɗai Falalu ya ƙara mini, kuma ban ga laifinsa ba, ya sha maganar mutane a kaina har ya gaji. Na yi masa alkawari in ba a ɗauke ni bana ba, na ajiye. Ke kika fara sa ni cicciɓar buhu a tsakar gidanmu kina kiran maƙwabta su zo su ga ƙanwarki, to ga inda abin ya kawo mu.

Da babu Marwa, da na ce ki fara taya ni murna tun yanzu. Yarinya ce 'yar Faru, tana karatu a kwaleji nan Mafara, ko ashirin ba ta cika ba. Bara ta zo mana ko riƙon sandar ƙarfe ba ta iya ba. Ni na gyara mata tsayuwa, ni na shafa mata alli a tafin hannu. Yau ga shi tana neman shan gabana.

Ba ma nauyin da take ɗagawa ke ci mini rai ba, yadda take yi ne. Ana tsakiyar horo za ta ɗaga gora ta kwankwaɗi ruwa kamar saniyar da ta dawo kiwo. Ta yi dariya har da ƙyaƙyatawa, ta yi tsalle. Wando mai ruwan toka take sawa, Adda, mai ruwan toka! In aka kira magariba, da kayan jikinta take tayar da salla. Ni kuwa daga azahar ba na sake kai ruwa bakina, baƙin wando kaɗai nake sawa, kuma sai na zagaya bayan sito da leda na sake kaya kafin in shiga sahu. Kada ki tambaye ni dalili, zufa ce ta yi mini yawa.

Na sa mata ido, na kuma gano sirrinta. Duk bayan salla, in an gama tasbihi kowa ya miƙe, ita sai ta ja jiki ta jingina da bango, ta lumshe ido, tana ƙirga wani abu da yatsu. Da farko a hankali, can kuma da sauri sauri. Ubanta babban malami ne a Faru, mai almajirai har daga Damaga. Wallahi wuridi ya ba ta na ƙarfi. To wane ne zai yi takara da wadda aka ɗaure wa gindi haka?

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Ta dawo daga gida shekaranjiya, ta zo gabana tana washe baki, wai Adda Hadizatu tana gaishe ni. Adda! Wa ya ba ta? Ta ce a asibiti kuka saba. Mi ya kai budurwa ɗakin ungozoma? Ban ce komai ba, tambaya kawai na yi. Amma ki sani ni kaɗai Inna ta haifa a bayanki.

Ki gaida mini Yaya Murtala da su Sadiƙ. Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Jidda

*

Talata Mafara,
ana yankan gero.

Adda,

Assalamu alaikum. Ina yi miki fatan alheri da lafiya, ke da iyali. Yaya masu haihuwa, yaya tsayuwa? Takardarki ta iso ni, da ƙullin dakuwar da kika aiko wa yara. Sun gode, ni ma na gode, ko da yake ban samu ko guda ba.

Amsarki ba ta ƙosar da ni ba. Na cika miki takarda gaba da baya, ke kuma layi uku: in riƙe Marwa da kyau, in daina hana kaina ruwa, in zo ki gan ni. Maganar asibiti kuwa kika tsallake ta kamar ban yi ba. To bari ki ji abin da 'yar gidan taki ta yi mini.

Ranar Laraba wani jami'i ya zo daga Gusau da mutum biyu, wai su fara ganin 'yan wasa kafin ranar zaɓe. Maza ne duka. Aka jera musu benci dab da katakon da muke tsayawa a kai. Koci ta ɗora mini kilo ɗari da arba'in, wanda za a cira daga ƙasa a miƙe da shi. Na ɗaure bel tamau har ina jin haƙarƙarina, na cika ciki da iska, na ja. Ƙarfen ya taso, ya wuce gwiwa. Ƙarfi bai ƙare mini ba, Adda, na rantse. Wani abu ne ya faru wanda ba zan rubuta ba, sai na saki.

Kafin ma in duba ƙasa, sai ga Marwa ta sheƙo da gudu da gorar ruwa a buɗe, wai za ta miƙo mini. Ta yi wani tuntuɓen da ko yaro ba zai yarda da shi ba, ta juye gorar kaf a ƙafafuna. Wandona sharkaf, katako sharkaf, har takalmin jami'in ya samu rabonsa. Koci ta wanke ta tas a gaban baƙi. Marwa ta durƙusa tana goge wurin da tsumma tana ba da haƙuri, ko kallona ba ta yi. Da wuri ya bushe aka kira ta, ta ɗaga kilo ɗari da arba'in ɗin nan kamar tulun da babu ruwa. Jami'in ya tambayi sunanta har sau biyu. Ni sau ɗaya ma Koci ce ta faɗa masa.

Na tabbata ruwan nan ba na banza ba ne. Rubutu ne aka wanke mata, ta zuba mini a ƙafa don in yi sanyi. Abin da ba ta sani ba, sharrinta ya zame mini sutura ta wata hanya, Allah Ya rufa mini asiri da hannun maƙiyiyata. Ba zan yi miki bayani ba.

Washegari na hau mota sai Bakura wajen Kawu Abdulmumini. Na zayyana masa komai, ban da abin da ba a faɗa. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce in ji tsoron Allah in bar zargin ɗiyar mutane, ya ba ni addu'ar neman ƙarfin zuciya, ya ce in riƙa cin abinci. Yanzu ni ma bayan kowace salla ina jingina da bango, ɗaya gefen, in lumshe ido ina ƙirgawa da yatsu. Rannan na buɗe ido na kama ta tana kallona, fuskarta kamar za ta yi magana. Na watsa mata harara ta sunkuyar da kai. Addu'a dai ina yi, amma ledata tana nan, bayan sito yana nan.

Zuwa Maradun kuwa sai a hankali, Falalu ba ya son in bi hanyar nan yanzu. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Jidda

*

Talata Mafara,
ranar Lahadi.

Adda Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma ke ce sila.

Jiya na kasa daurewa. Bayan kowa ya watse na tare Marwa a bayan sito, na ajiye girmana gefe, na roƙe ta ta ba ni wuridin. Har sabon bel ɗina na miƙa mata, wanda Falalu ya sa aka sayo mini daga Kaduna. Ta tsaya tana kallona, ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Na ɗaga hannu zan kwaɗa mata mari, sai na ga dariyar ta koma kuka.

Ta ce babu wani wuridi. Ta ce tun da nauyi ya fara yi mata yawa, duk ta ja ƙarfe sai fitsari ya kufce mata. Ita da ko aure ba ta yi ba, balle haihuwa! Ta ɗauka ciwon yoyon fitsari ne ya kama ta, ta ce wa zai yarda da ɗiyar malam da irin wannan ciwo ba ta taɓa haihuwa ba? Ta kusa barin karatun ma. Da aka yi hutu ta sulale asibitin Maradun da niƙabi, Allah Ya haɗa ta da ke. Kin duba ta, kin ce ba wancan ciwon ba ne, babu abin da ya huje. Nama ne a ƙasan mara mai tallafe da mafitsara kamar majanyi, shi ne ƙarfen ya fi ƙarfinsa, kuma ana horar da shi kamar damtse. Kin koya mata ta matse kamar mai riƙe iska a cikin mutane, ta ja sama, ta riƙe tana numfashi, ta saki gaba ɗaya, sannan ta yi na sauri. Kin ce ta liƙa shi da salloli biyar don kada ta manta. Abin da take ƙirgawa ke nan, Adda. Ni kuwa ina ɗaya gefen bango ina kwaikwayon yatsunta kamar sakara.

Sannan ta faɗi maganar ruwan. Ta ce ta ga abin da ya sauka a kan katako kafin mazan nan su gani. Ta ce ta daɗe da sani, daga baƙin wando da leda da turaren da nake fesawa, don duk ta yi su. Sau da yawa ta so ta yi mini magana, hararata ke mayar da ita.

To tunda yarinya ƙarama ta riga ta gani, bari in rubuta. Tun haihuwar Fa'iz nake haka. Tari, atishawa, dariya mai ƙarfi, balle ƙarfe. Yaron nan yanzu yana zuwa makarantar allo da ƙafarsa. Falalu bai sani ba, Inna ba ta sani ba. Tsoro nake kada a ce yoyo ne, a fara kallona yadda ake kallon matan nan, Allah Ya ba su lafiya. Rabon da in yi salla biyu da alwala ɗaya ranar horo har na manta. Ban taɓa jan ƙarfe da dukkan ƙarfina ba, kullum rabin hankalina yana ƙasa.

Na san za ki ce ban faɗa miki ba. Haka ne. Amma ke kika karɓi haihuwar Fa'iz da hannunki, ke kika gasa mini jiki. Ko sau ɗaya ba ki ja ni ɗaki kin tambaye ni ba. Maganin yana bakinki duk shekarun nan, kyauta, babu allura babu ƙwaya, sai ga baƙuwa daga Faru ta zo ta kwashe. Yanzu da shi za ta kayar da ni. Wallahi da rubutun ne da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan tsana. Yarinya ta sha faɗa a gaban baƙi don ta rufa mini asiri, kuma ko gode mata na kasa yi. Na ɗauki bel ɗina na wuce.

Marwa ta ce za ta koya mini. Allah Ya kiyaye! Ni na koya mata riƙon sanda, ba zan zauna gabanta tana ƙirga mini ba. Na gaya wa Falalu ciwon mara ke damuna, ya yarda zai kawo ni da kansa ranar da Lauwali ya ce hanya lafiya. Ki tanadi lokaci. Marwa ta ce ita sai da ta yi wata uku kafin ta ga canji sosai, ni kuwa abin da ya rage mini bai kai haka ba.

Ki gaida Yaya Murtala. Kada ki nuna masa takardar nan, ki sa ta a murhu.

Ƙanwarki, ko da kin yi wata ƙanwar,
Jidda

*

Talata Mafara,
cikin sanyi.

Addata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Yaya sanyi, yaya yara, yaya tarin Sadiƙ? Allah Ya ƙara sauƙi. An ce layi ya fara dawowa a wasu wurare, amma ko ya dawo wagga magana ba ta waya ba ce, muryata ba za ta kai ƙarshe ba.

An yi zaɓen jiya Asabar. Bari in bi miki shi daki daki, kada ki tsallaka ƙasa.

Tun ranar da kika duba ni kika ce turawa nake yi ƙasa maimakon in ja sama, kika yi ta yi mini dariya har na yi fushi, ban fasa yin matsewar nan bayan ko salla ɗaya ba. Na bar matse cinya da ɗuwawu, na bar riƙe numfashi. Na sassauta bel da rami ɗaya kamar yadda kika ce, kuma kafin in ja ƙarfe sai na fara ɗauke naman nan na ƙasan mara. Ruwa ma ina sha, ko da yake makon farko da fargaba nake haɗiya. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar da na gaji har yanzu ana samun ɗigo. Amma atishawa ta daina ba ni tsoro. Bangon nan kuwa, Koci Kyauta ta ga mun zama biyu ta tambaya, Marwa ta faɗa mata a kunne. Yanzu mu biyar ke jingina, har da Kocin.

Bayan azahar aka fara. Mutanen Gusau suka zauna a bencinsu. A jan ƙarshe na ce a sa mini ɗari da arba'in da biyar, abin da ban taɓa gwadawa ba. Na tsaya, na ɗauke, na ja. Adda, ashe haka ake ji! Hankalina duka yana kan ƙarfen, babu rabin da ya tsaya gadi. Na miƙe da shi cak, na riƙe har alƙali ya sauke hannu. Koci ta yi guɗa ta manta da baƙi.

Sai Marwa ta ce a ƙara mata kilo biyu da rabi a kan nawa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauki gorar ruwa na cire murfin, na matsa dab da katako. Na ce wa kaina in abu ya kufce mata zan yi tuntuɓe in biya bashin sutura. Amma Allah Ya ga zuciyata, so nake ya kufce. So nake in ga ɗigo ko ɗaya a ƙarƙashin wandon nan mai ruwan toka, in zama ni ce mai rufa asiri, ita ce mai sunkuyar da kai. Ta ja, ƙarfen ya tsaya mata a gwiwa, jikinta yana rawa, na ce shi ke nan. Sai ta yi wata ƙara ta miƙe. Na zuba wa katakon nan ido har aka sauke ƙarfe. A bushe yake ƙayau.

Ita aka ɗauka. Ina tsaye da buɗaɗɗiyar gora a hannu kamar mai talla, kowa yana rungumarta. Na rasa abin yi, sai na kafa kai na shanye ruwan tas.

Da aka kira la'asar na ɗauki ledata na zagaya bayan sito, don ƙafata ta saba. Na duba, na sake dubawa. Babu komai, Adda. Alwalata ta azahar tana nan. Na mayar da wandon cikin leda a ninke yadda na zo da shi, na shiga sahu da kayan da na ɗaga ɗari da arba'in da biyar da su. A sujada kuka ya ƙwace mini. Kowa ya ɗauka na rashin nasara ne, har Marwa ta dafa ni bayan sallama, na ture hannunta. Ni kaina ban san na wanne ba ne.

Da shekara ɗaya kafin yau na buɗe baki, da sunana aka tambaya sau biyu. Wannan zai daɗe yana cina. Alkawarin Falalu yana nan, na rataye bel a ƙusa bayan ƙofa. Marwa nata ya tsufa, na ga tana satar kallon nawa, ban ba ta ba. Wataƙila ranar da za su tafi. Wataƙila.

Ta ce za ta biyo ta Maradun ta yi miki sallama kafin ta wuce Faru neman albarkar malam. Ki karɓe ta, ki sa mata albarka, ki ce ta ciyo mana. Ki ba ta dakuwa ma in kin ga dama. Amma ki gaya mata ta kira ki Malama Hadizatu, ko Nas, ko duk abin da ta so. Wuri ɗaya ne a motar Gusau ta ɗauka, na bar mata. Adda kuwa tawa ce.

Ki gaida Yaya Murtala da yara. Inna ta ce in kin samu hanya ki zo ta gan ki. Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarki guda ɗaya,
Jidda